Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Malaman Daji

Zuwa ga 'yan'uwana malaman daji, manyanku da ƙanananku, na ofis da na ƙauye.

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga kalmar nan ta ci gaba mai ɗorewa ta zama gishirin kowane taro, ba jawabin da za a ɗora ba a barbaɗa ta ba, alhali kuwa waɗanda ma'anarta ta zauna a zukatansu kaɗan ne. Asalin shaharar kalmar daga rahoton wani kwamiti ne na Majalisar Ɗinkin Duniya wanda Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway ta shugabanta, aka fitar da shi a 1987, shugabannin duniya suka ƙarfafa maganar a taron birnin Riyo na ƙasar Brazil a 1992, sa'an nan a 2015 aka tsara muradu 17 da ake fatan cim musu zuwa 2030. Amma in an tuɓe wa maganar rigar ofis, ba ta wuce abin da kowane mai rumbu ya sani ba, wato mutum ya ci daga abin da ƙasa ta bayar gwargwadon buƙatarsa, amma kada ya taɓa iri, domin wanda ya ci iri da rani, rabon 'ya'yansa na damina ya ci. Malamanmu ma tun da can sun karantar da mu cewa ɗan Adam halifa ne a bayan ƙasa, aro aka ba shi, israfi kuma abin ƙi ne, shi ya sa magabata suka keɓe hurumi da burtali da mashaya, suka hana kowa ya mayar da su nasa shi kaɗai.

To, sanin wannan ba shi ne mai wuya ba. Mai wuya shi ne hukunci, kuma hukuncin a hannunku yake, tun da ku ne kuke cewa ga inda za a killace, ga irin da za a dasa, ga wanda za a ci tara. Saboda haka ina so in tuna muku da abin da ya auku a ƙasar Maraɗi, don a cikinsa akwai ishara ga mai lura.

Tun zamanin mulkin Faransa doka ta mayar da itatuwa masu daraja ƙarƙashin ikon hukuma, gwamnatin Nijar kuma bayan samun mulkin kai ta ci gaba a kan wannan turba, har ya zamana manomi ba shi da ikon sare gawon da ya tsiro a tsakiyar gonarsa, wani lokaci ko reshensa, sai da takardar izini, in ba haka ba ya gamu da tara. Nufin masu dokar alheri ne, amma natijarta ta zo da akasin nufinsu, domin talaka da ya fahimci cewa itace a gonarsa ba dukiyarsa ba ce, ƙofar fitina ce tsakaninsa da ma'aikaci, sai ya riƙa kawar da kowane tsiro tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa magana. Da fari ya afko a 1973, ya kuma dawo a 1984, sai ya tarar da gonaki tsirara, iska tana binne shuka da rairayi, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. Aka kashe dukiya mai yawa wajen renon dashe a gandu da rarraba shi, amma galibinsa bai ga rani na biyu ba, saboda ƙishirwa da gara da bakin awaki, da kuma rashin wanda zai ce nawa ne.

A 1983 wani malamin gona mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda shi ma ya sha wahalar dashe ba tare da nasara ba, ya lura cewa 'yan kurmin sabara da kalgo da geza da ake sassabewa kowace shekara toho ne na tsofaffin kututture waɗanda saiwoyinsu suke raye a ƙarƙashin ƙasa, kuma in aka zaɓi toho mafi ƙarfi aka bar shi, aka rage sauran, zai tashi ya zama itace ba tare da ban-ruwa ba. Wannan dabara, wadda mutanen Nijar suke kira sassaben zamani, ba ta buƙatar komai sai adda da haƙuri. Amma ku lura da kyau, ba ta yaɗu sosai ba sai da ma'aikata suka sassauta hannu, manomi ya sakankance cewa itacen da ya rena nasa ne, zai sassaƙe reshe ya yi girki, ya sayar, ya ciyar da dabbarsa, ba mai tsare shi a hanya. Daga nan maƙwabci ya koya daga maƙwabci, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawon da a da ake gudunsa ya koma abin tattali, tun da shi ne mai zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya kuma yi ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci.

Nasihata ta farko ke nan: kafin ku zartar da kowane hukunci, ku tambayi kanku wa zai ɗauki nauyinsa, sa'an nan ku tafi ku zauna da shi. Shawara ba ta cika da mai gari da liman kaɗai, sai an ji ta bakin sarkin noma, da arɗon Fulanin da burtalinsu ya ratsa wurin, da matan da suke tafiya mai nisa neman kiraren girki, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta biyu, ku auna maslaha da mafsada a ma'auni ɗaya, ta kusa da ta nesa, ku kuma yi jinkiri ƙwarai a kan abin da in an yi shi ba ya warwaruwa. Alal misali, madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya a 1992 sun kawo wa ƙasar Kano noman rani da ruwan sha, wannan ba mai musu, amma sun rage ambaliyar da take shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, masunta da makiyaya da manoman shinkafa na can suka ɗanɗana kuɗarsu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Lissafin da ya tsaya a kan na sama ya manta da na ƙasa, tauyayyen lissafi ne.

Ta uku, ku daina ƙirga dashen da aka sa a rami ranar biki gaban manyan baƙi, ku ƙirga wanda ya rayu bayan rani uku, ku rubuta shi a rahotonku yadda yake ko da zai kunyata ku, domin gwamnati da rahotonku take tsara manufa, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ban ce a jefar da doka ba, faufau. Motocin gawayi da suke kwashe daji zuwa birane ba za su tsaya da lallashi ba, dole a tsare su. Abin da nake roƙo shi ne doka ta yi wa attajiri mai mota da tsohuwa mai ɗaurin itace adalci, tarar da aka karɓa kuma a ba da rasit a kanta, gama ranar da talaka ya ga ana sayen ido a bakin shinge, ranar darajar dokar ta faɗi, daji kuma ya bi ta.

Ya ku 'yan'uwana, ku kaɗan ne, daji kuwa da faɗi, ba za ku iya gadin kowace bishiya ba ko da an ninka yawanku sau goma. Ku mayar da manomi da makiyayi abokan aikinku, ku tabbatar musu da haƙƙinsu a kan abin da suka rena, ku tsaya a bayansu in wani ya zo yi musu ɓarna. Allah Ya sa abin da kuka raya ya zama sadaka mai gudana a gare ku, amin.

Wassalamu. Naku, mai ƙaunar aikinku.