Injin Da Ya Fi Zama Shi Ya Fi Buƙatar Bakanike

Wannan makon gardama na zo da ita, kuma a kan abin da yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba, wato jirgin shawagi mai inji. Ku yi haƙuri ku biyo ni, domin duk wanda ya taɓa ajiye janareta wata uku ya zo tayarwa ya ƙi, ya riga ya san rabin maganar.

Jirgin shawagi ƙaramin jirgin sama ne mai dogayen fukafukai, mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. Yana tafiya ne kamar yadda shirwa ke yi da tsakar rana: ya nemi iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa, ya yi ta kewaya a cikinta har ya yi sama, sannan ya zarce. Wasa ne da ya yi ƙarfi a Turai, musamman Jamus. Wasu daga cikin jiragen an sa musu inji. Akwai masu inji a hanci kamar ƙaramin jirgi na sosai, irin su Scheibe SF 25 Falke da Grob G 109, waɗanda matuƙi kan kashe injin idan ya kai sama. Wani injin da aka daɗe ana sa wa irin waɗannan, Limbach, asalinsa daga injin Volkswagen Beetle aka samo shi, motar nan da iyayenmu suka sani. Akwai kuma masu ɓoye injin a bayan matuƙi, a cikin gangar jirgin. Idan ana buƙatarsa sai a danna, ya miƙe tsaye da farfelarsa, a tayar. Idan an gama ya koma ya kwanta. Yawancin waɗannan injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne, dangin ƙaramin janaretan shago.

To ga inda rigimar take. Masu ƙera inji kan sa masa iyaka biyu, ta awoyin aiki da ta shekaru, wadda duk ta riga zuwa. Ɗauki Rotax 912, na ƙasar Ostiriya, wanda ke cikin jiragen shawagi da yawa. Ana yi wa na yanzu garambawul bayan awa 2,000 ko shekara 15. Kayan roba, irin su tiyon mai da na ruwa da robobin kafireta, ana canza su duk shekara 5. Ana duba shi duk awa 100 ko shekara guda. Idan kuma fetur mai dalma ake yawan zuba masa, baƙin mai awa 50 kawai zai yi a sauke shi.

Sai wasu masu jiragen suka ce wannan iyaka ta shekaru cin kuɗi ce kawai. Hujjarsu: mutumin da ke tashi awa 50 a shekara sai ya shekara 40 kafin ya cika awa 2,000, to don me za a ce ya kwance inji lafiyayye a shekara ta 15, bai ko kai rabin awoyinsa ba? Doka ma ta ba su ƙofa. A Amurka, mai jirgin da ba haya yake yi da shi ba, binciken shekara-shekara ne ya wajaba a kansa, amma wa'adin garambawul shawara ce. A Turai, tun daga Maris na 2020, dokar ƙananan jirage da ake kira Part-ML ta yarda mai jirgi ya tsara jadawalin gyaransa, ya sa hannu cewa ya ɗauki alhakin kauce wa wasu shawarwarin kamfani. Abin da ba a yarda ya taɓa ba shi ne umarnin dole da hukumar EASA ke fitarwa, da iyakokin da aka rubuta a matsayin tilas, da mafi ƙarancin bincike: duk shekara, ko duk awa 100 ga masu inji a hanci.

Ba zan ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin halittu ɗan Ingila, C. H. Waddington, ya bi lissafin jiragen yaƙin da ke gadin teku, ya gano cewa matsaloli sun fi yawa jim kaɗan bayan an fito da jirgi daga babban sabis. Hannun ɗan Adam da ya kwance ya ɗaure shi ma yana kawo cuta. Kowa ya san motar da ta shiga gareji da ciwo ɗaya ta fito da uku. Saboda haka idan ana auna matsin silinda, ana yanka filtar mai a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, ana leƙa cikin silinda da 'yar kyamara, komai kuma ya nuna lafiya, ni ma ba na ganin dole a farke cikin inji don kawai kalanda ta juya.

Amma daga nan ne suke zarcewa, kuma nan ne na rabu da su. Sun ɗauki hujjar da ta dace da ƙarfe sun shafa wa komai. Roba ba ta san awa ba. Ko an tayar da inji ko ba a tayar ba, tana bushewa, tana tsagewa, kuma sau da yawa daga ciki take fara lalacewa inda ido ba ya gani. Fetur da ya kwana watanni a kafireta yana barin danƙo ya toshe 'yan ƙananan hanyoyi. Baƙin mai yana tsiyayewa daga jikin ƙarfe, raɓa ta shiga, tsatsa ta kama. A ce mai injin ɓoye yana tashi sau 40 a shekara, kowane tashi minti 10: ko awa 7 bai cika ba. Idan da agogon awa za a bi, wannan inji jariri ne har abada, alhali a zahiri tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a kwance. Ga shi kuma ɗan lokacin da yake aiki na azaba ne: a tashe shi da sanyinsa, a ba shi wuta iya ƙarfinsa, a kashe shi da zafinsa cikin iska mai sanyi.

Sannan ku duba lokacin da ake neman sa. Matuƙi ya yi nisa da gida, iska mai ɗaga shi ta ɗauke, ƙasa na matsowa. Sai ya fitar da injin. Daga wannan daƙiƙar jirgin ya daina zama shirwa, domin injin da ke tsaye a bayansa yana tare iska kamar birki, yana sauka da sauri fiye da da. Idan ya kama, madalla. Idan filogi ya jiƙe ko batir ya yi sanyi, mutum ya ɓata tsayin da zai yi amfani da shi ya zaɓi gonar sauka. Shi ya sa malaman tuƙi ke nacewa a fara zaɓar fili tukuna, sannan a taɓa inji. Wanda ba shi da inji sam ya san matsayinsa tun da wuri. Wanda ke da injin da bai kula da shi ba, shi ne abin tausayi, don da shi ya yi lissafi.

Masu cewa dokokin nan tsoro ne na ma'aikatan ofis, su duba daga ina suke fitowa. A 2013 EASA ta fitar da umarnin gaggawa na hana amfani da injin Solo 2350 C, bayan sandar da ke riƙe farfela ta karye, farfelar ta rabu da jirgi. A 2014 Rotax ta umarci a riƙa duba 'yan tulunan da ke iyo cikin kafireta, saboda wasu na shan fetur su nutse, mai ya yi ambaliya. Biyun kafireta ɗaya kada su wuce giram 7 a sikeli. Ko masu lantarki ba su tsira ba: a Agustan 2017 batirin wani jirgin shawagi ya kama da wuta yana sauka a Parham ta Ingila, aka bi da sababbin ƙa'idoji. Babu ɗaya a cikin waɗannan da agogon awa zai nuna maka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake fassara sa hannun nan na Part-ML. Wasu sun ɗauke shi a matsayin rangwame. Ni a karatuna nauyi ne aka sauke daga kan hukuma aka ɗora wa mai jirgi. Wanda ya ce zai wuce shekara 15 ba tare da garambawul ba, kamata ya yi bincikensa ya ninka na wanda ya bi wa'adi, kuma ya rubuta kowane awo a littafin injin, don wanda zai sayi jirgin bayansa ya san abin da ya gada. Jirgin kulob ma ya fi, domin ɗalibin da ya zauna a kujerar bai sa hannu a kan komai ba.

Na san cikinku akwai waɗanda suka karanci kanikanci kamar ni, kuma za su ce na tsananta. Bismillah, fili naku ne. Amma wanda zai kare barin tiyon fetur ya wuce shekara 5, ya fara gaya mana yadda zai ga cikinsa ba tare da ya cire shi ba.