Lafiyar Iyali: Idan Bugun Zuciya Ya Rikice

Masu karatu, a wannan fitowa za mu duba wata cuta da likitoci ke kira da Faransanci fibrillation auriculaire, wato rikicewar bugun zuciya.

Zuciya tana da ɗakuna 4, biyu a sama, biyu a ƙasa. Idan babban mutum yana hutawa, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti, bisa tsari ɗaya. A wannan cuta ɗakunan sama sukan daina matsewa yadda ya kamata, sai su riƙa makyarkyata, bugun ya yi sauri kuma ya rasa tsari. Wani yakan ji faɗuwar gaba, ko haki, ko jiri. Wani kuwa ba ya jin komai.

Babban haɗarin shi ne jinin da ya kwanta a ɗakin sama yana iya daskarewa. Idan gudan ya ɓalle ya toshe hanyar jini a ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki ta auku. Mai wannan cuta ya fi wanda ba shi da ita fuskantar haka kusan ninki 5. Tsufa, hawan jini, ciwon sukari da ƙiba suna cikin masu jawo ta, haka ma lalacewar ƙofofin zuciya bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba a ƙuruciya.

Kowane gida na iya yin gwajin farko. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, a ƙirga tsawon minti ɗaya. In an ji bugun yana tsalle ba tsari, a je asibiti a yi gwajin ECG, domin shi ne ke tabbatarwa.

Ana ba da maganin rage saurin bugu, da na hana jini daskarewa irin su warfarin ko Sintrom, waɗanda ke bukatar gwajin jini na INR a kai a kai. Warfarin yana rage haɗarin shanyewar jiki da kusan kashi 2 cikin 3. Aspirin ba ya maye gurbinsa. Kada a daina shan magani don an ji sauƙi, kada kuma a haɗa shi da sassaƙe-sassaƙe ba da sanin likita ba. Mai niyyar azumi ya nemi likita ya tsara masa lokutan sha tun kafin watan ya kama.

Idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Allah Ya ƙara mana lafiya.