A Sakar wa Yaro Gudumarsa

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, yau da iyaye nake rigima, musamman masu cewa wai taya yaro aiki suke yi, alhali kuwa ƙwace masa suka yi.

A Amurka akwai wani tsere na yara da motocin katako marasa inji, waɗanda gangara kaɗai ke tafiyar da su. Tseren akwatin sabulu ake ce masa, don da ire-iren akwatunan nan yara suka fara harhaɗa motocin. Wani mai ɗaukar hoton jarida, Myron Scott, shi ya shirya shi a Dayton cikin 1933, a 1935 kuma aka mai da shi Akron. Manufar ita ce yaro ya ƙera motarsa da hannunsa, babba ya tsaya a kan shawara.

To, ina aka kwana? A 1973 wani yaro ɗan shekara 14 ya ci gasar, amma bayan kwana biyu aka karɓe kambin. Da aka haska motar aka tarar da maganaɗisun lantarki ɓoye a hancinta. In ya jingina kansa baya sai ya kunna shi, ƙarfen da ke tare motoci a bakin layi ya fizgo shi gaba yayin faɗuwa. Dabarar wa? Ta kawunsa ce, babban mutum da gemunsa! Yaro ya tashi da kunya, babba ya tashi da tara.

Na san za a ce zarto na yanka, kuma motar yaro karkatacciya ce. Ni kuwa na ce a bar ta ta karkace. Wanda ƙafar motarsa ta goce shi zai gane amfanin daidaita gatari. Wanda birki ya ƙi masa ba zai sake sakaci da shi ba. Aikin uba ya riƙe katako, ya nuna inda yatsa ba ya zuwa, ya kame bakinsa.

Kada mu yi wa Amurkawa dariya. Yaron da ke ƙera motar kara a ƙofar gida, mu tsawa muke daka masa, sa'an nan mu sayo masa ta roba. Gobe kuma mu zauna muna kukan ba mu da maƙera. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu gane.