Al'adun Mutanen Vulcan da Klingon: Daga Ina Aka Samo Su?

Akwai masu cewa kallon fim na halittun wasu duniyoyi ɓata lokaci ne, tatsuniyar Turawa ce kurum. Mu dai ba mu yarda da wannan magana duka ba.

Mu ɗauki Star Trek, wasan talabijin da aka fara nunawa a Amurka a 1966. A ciki akwai wani mai suna Spock, mai kunnuwa masu tsini, wanda mahaifinsa ya fito daga wata duniyar ƙage da ake kira Vulcan. Mutanen can idan za su gaisa, sai su ɗaga hannu su raba yatsu biyu-biyu, babban yatsa a ware. Duk wanda ya gani sai ya ce wannan baƙon abu ne. Ashe ba daga sama gaisuwar ta faɗo ba.

Leonard Nimoy, wanda ya fito a matsayin Spock, Bayahude ne, haifaffen birnin Boston. Yana yaro, wata rana a majami'a zuriyar Haruna suka tashi za su sa wa jama'a albarka, irin wadda take cikin Littafin Ƙidaya sura 6. Aka ce masa kada ya duba. Kun san halin yaro, sai ya leƙa. Ya ga sun miƙa hannuwa, yatsu a rabe kamar harafin Ibrananci da ake kira shin. Wannan ne ya tuna a 1967, sa'ad da ake neman gaisuwar da ta dace da mutanen Vulcan.

A cikin wasan akwai kuma Klingon, wata al'umma ta mayaƙa. Idan jaruminsu ya mutu, sai 'yan'uwansa su buɗe masa ido, su ɗaga kai sama su kurma ihu, wai suna gargaɗin matattu cewa ga jarumi nan tafe. Gawar kuwa ba ruwansu da ita, ɓawo ce kawai a wurinsu. Har harshe aka yi musu. Wani masanin harsuna, Marc Okrand, ya fitar da ƙamus ɗinsa a 1985, daga baya ma aka juya Hamlet na Shakespeare zuwa wannan harshe. A ganinmu, wanda ya zauna ya kalli irin wannan jana'iza bai yi dariya ba, ya koyi wani abu: ya tambayi ma'anar al'ada kafin ya yanke mata hukunci.

Amma muna da ƙorafi. Galibi marubutan sukan ba kowace al'umma hali guda tak. Ɗan Klingon mafaɗaci ne, ɗan Vulcan ba ya dariya. To, wa yake noma a ƙasar Klingon? Wa yake reno? Ai da irin wannan tunani ake cewa 'yan ƙabila kaza duk marowata ne, 'yan ƙabila kaza duk masu zafin rai ne, maganar da mukan ji har a ɗakin kwananmu.

Su kansu masu wasan ba su iya zama a kan wannan ba. Mahaifiyar Spock 'yar Adam ce, yaran Vulcan sun yi ta yi masa gori saboda ita. A 1987 kuma suka kawo Worf, ɗan Klingon maraya wanda 'yan Adam suka rena, ya girma yana ɗokin al'adun kakanninsa daga nesa.