"Sa Ka Manta": Ƙaryar Da Ake Yi Wa Masu Babur Mai Bel

Maƙalar wannan makon a kan ƙarfe da roba take, kuma da faɗa muka zo.

Akwai wata magana da ke yawo a bakin dillalan manyan babura na hannu da samarin da suka fara sha'awarsu, wai babur mai bel "sa ka manta" ne. Ba mai, ba giris, ba ɗauri, ba ƙara, ka hau kawai ka murɗa. Rabin maganar gaskiya ce, kuma wannan rabin ne yake sa mutum ya kwana a daji.

Ga wanda bai san zancen ba: baburan da muka saba da su, Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue da su roba-roba, cen ne yake ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa tayar baya. Wasu manyan babura kuwa, musamman Harley-Davidson na Amurka, bel ne yake wannan aikin. Ba irin bel ɗin injin markaɗe ba ne. Yana da haƙora da ke shiga cikin haƙoran faifai biyu, ɗaya a jikin giya ɗaya a jikin taya, a cikinsa kuma an shimfiɗa zaruruwan aramid ko na kabon masu hana shi miƙewa. Baburan farko na wajen 1903 ma da bel ɗin fata suke tafiya, amma da ruwa ya taɓa shi sai santsi, shi ya sa cen ya kore shi. A 1980 Harley ta dawo da shi a sabuwar siga a babur ɗinta mai suna Sturgis, daga nan ya bazu zuwa kusan duk baburanta na kan titi.

Mu ba shi haƙƙinsa. Bel ba ya buƙatar mai, ba ya ɓata wa mutum ƙafar wando, ba ya ƙara, kuma a kan kwalta mai kyau ba abin mamaki ba ne ya wuce kilomita 100,000, alhali a wannan tafiyar mai cen ya canza cen da haƙoransa sau uku ko fiye. Duk wannan ba mu musa ba.

Abin da dillali ba ya faɗa shi ne yadda bel yake mutuwa. Cen mai surutu ne. Kafin ya tsinke zai saki, zai yi ta ƙaraf-ƙaraf a jikin murfinsa, zai faɗi sau ɗaya ko biyu, har ɗan acaɓan da bai taɓa riƙe sifana ba ya san lokaci ya yi. In ma ya tsinke, duk ƙauyen da ke da mai faci akwai wanda zai cire haɗin da ya lalace ya sa mahaɗi, cikin rabin awa ka kama hanya. Bel kuwa shiru-shiru ne. Yana iya ɗauke da rauni wata da watanni bai nuna ba, ranar da zai tafi sai ka ji inji ya yi kuka sama babur kuma ya daina ja. Ka waiga ka hango shi kwance a titi kamar mataccen maciji.

Daga nan matsalar take farawa, domin bel zobe ne guda, ba shi da mahaɗi. A manyan Harley, kafin a sa sabo sai an kwance akwatin kuloci gaba ɗaya, an cire tayar baya, an saki hannun da ke riƙe da ita. Aikin sa'o'i ne a gareji mai kayan aiki, ga wanda ya san babur ɗin. A samfurin Sportster abin ya ɗan fi sauƙi, amma shi ma ba aikin gindin bishiya ba ne. To a Amurka mai babur zai ɗaga waya motar ja ta zo ta ɗauke shi. Mu fa? Wanda ya sayi irin wannan babur a nan ya san bel ɗinsa ba ya rataye a shagon kayan gyara na unguwa, sai an yi odarsa an jira. Kuma ya san akwai hanyoyin da ba a so magariba ta riski mutum a tsaye a kansu, ko da babur ɗinsa lafiya lau yake.

Sai maganar tsakuwa, wadda ita ce babbar abokiyar gabar bel. Ƙaramin dutse ɗaya ya isa: ya faɗa tsakanin bel da faifai, faifan ya danna shi ya huda bel ɗin, ya yanke zaruruwan da ke wurin. Hanyar burji, titin da aka zuba wa kwalta da tsakuwa bai gama kamawa ba, kwanar da ake ratsewa saboda aikin gada, duk wuraren haɗuwa da ita ne. Yashi da ƙura kuma aikinsu a hankali suke yi, suna cinye rufin da ke kan haƙoran faifan baya har su yi kaifi su koma suna yankan bel ɗin da kansu. Masu ƙera baburan sun fi kowa sanin haka. Da Harley ta tashi fitar da babur ɗin shiga daji, Pan America, a 2021, cen ta sa masa. BMW ma ta sa bel a F800S da F800ST na kan titi, amma ɗan'uwansu F800GS da aka yi don hanyar ƙasa cen ne da shi. Idan kamfanin da ya fi kowa tallata bel ya ajiye shi da zai sauka daga kwalta, wane ne dillalin da zai ce mana a hanyoyinmu "sa ka manta" ne?

Za a ce mana ai bel ba ya yawan tsinkewa, mutum nawa ka gani ya tsinke musu? Haka ne, ba ya yawan yi. Amma mai hankali ba yawan aukuwar abu kaɗai yake aunawa ba, yana auna abin da zai same shi ranar da ya auku. Faci yakan faru sau goma, kowanne ya ci maka awa guda. Bel sau ɗaya zai yi maka, ya ci maka tafiyar gaba ɗaya, da kuɗin motar da za ta ɗauko babur, da makonnin jira.

Abin haushin shi ne duba bel bai kai wahalar wanke cen ba. A ɗaga tayar baya, a juya ta a hankali, a bi bel ɗin da ido da yatsa har ya zagayo. Huda ƙarama a tsakiya ana iya tafiya da ita ana sa ido, bayan an cire dutsen. Huda ko yanka a gefe, tsagewa a gindin haƙori daga waje, haƙorin da ya ɓalle, waɗannan ba a jayayya da su, canji ne. Idan haƙoran bel suka fara lanƙwasa kamar ƙugiya, faifan ma ya tafi, kuma wanda ya ɗora sabon bel a kan faifai mai kaifi ya zubar da kuɗinsa. Ɗauri kuma ba da ƙiyasin babban yatsa ake gwada shi ba. Akwai ɗan ma'auni da ke danna tsakiyar bel da nauyin kusan kilo huɗu da rabi, a ga iya inda ya lotsa, a gwada da abin da littafin samfurin ya ce. Ana yi ne babur yana sanyi, domin in ƙarfe ya ɗau zafi yakan buɗe bel ya ƙara tsauri. Ya cika ɗauri ya kashe boris, ya cika saki ya riƙa tsallake haƙora. Kuma don Allah a daina barin yaran gareji suna shafa masa baƙin mai don a ga sun yi aiki. Ruwa da ɗan sabulu sun ishe shi. Murfin da ke kare shi daga tsakuwa, wanda wasu ke cirewa don babur ya yi kyau a hoto, a mayar da shi inda yake.

Masu cewa za su sayi bel na biyu su cusa a jaka, su ma su saurara. Zaruruwan cikinsa ba sa son a naɗe su tamau ko a karya su ta baya. Wanda ya nannaɗe sabon bel kamar igiyar guga ya kashe shi tun bai hau babur ba, kuma ido ba zai nuna masa ba. Akwai bel na gaggawa mai buɗaɗɗen baki da ake haɗawa da ƙananan kusoshi ba tare da an kwance komai ba. Shi ne ya dace da jaka, da sharaɗin a san amfaninsa: a lallaɓa a hankali zuwa gari mafi kusa. A kuma gwada haɗa shi a gida da rana tsaka, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu sukuta kada su ɗauka zancen bai shafe su ba. Nasu bel ɗin yana ɓoye cikin murfi, zafi yana cinsa, kuma yawancin kamfanoni tsakanin kilomita 20,000 da 25,000 suke cewa a canza shi. Mu masu cen ma ba mu tsira ba. Mutum nawa a cikinmu ke yawo da mahaɗin cen a ƙarƙashin kujera, abin da kuɗinsa bai kai na lita ɗaya ta fetur ba? Mutum nawa suka san cewa rufaffen bakin makullinsa shi ke fuskantar inda cen yake tafiya? Muna fita tafiyar kilomita ɗari biyu ba sifana, ba filaya, ba fulogi na biyu, ba tocila, ba igiyar ja, waya kuma saura kashi goma.

Wanda zai sayi babur mai bel, kafin a fara ciniki ya durƙusa ya juya tayar baya da hannunsa, ya tambayi shekarar da aka sa bel ɗin, ya tambayi inda zai samu wani da kwana nawa zai ɗauka kafin ya iso. In dillali ya ce masa ai wannan ba ya lalacewa, ya ce a rubuta masa haka a takardar ciniki a sa hannu.