Wa Muke Yi Wa Dariya a Bukukuwanmu?

Akwai wani yayi da ya shigo bukukuwanmu na aure da na suna a Madekali da kewayen Malanbil, wanda ya kamata mu yi magana a kansa tun bai zame mana jiki ba. In an ci an sha, sai a miƙa wa wani saurayi lasifika ya shiga fili ya kwaikwayi mutane. Yakan fara da marigayi Rabilu Musa Ibro, ya koma kan muryar marigayi Muhammadu Buhari, jama'a su yi tafi, a yi masa liƙi. Da ya ga fili ya ɗauki zafi sai ya sauko kan Badenda mai sayar da kifi da yadda take karya Hausa, da Bafulatanin da ya shigo kasuwa yana tambayar farashi, da mai i'ina, da gurgun da kowa ya san gidansu. Wayoyi suna sama ana ɗauka. Kafin gari ya waye hoton ya zaga WhatsApp, ya hau TikTok, ya isa hannun waɗanda aka yi dominsu.

Ba mu da faɗa da kwaikwayo, domin gadonmu ne. Faɗanmu da inda aka juya bakinsa ne. Kwaikwayon da muka gada sama yake kallo, wajen masu iko. Wanda ake sayar mana yau ƙasa yake kallo, wajen maƙwabci da mai rauni, kuma mu da muke tsiraru a tsakiyar Dendawa mu ne na ƙarshen waɗanda ya dace su saye shi.

Mu duba abin da magabata suka bari. A gidajen sarauta na ƙasar Hausa an yi wasan gauta, inda matan gidan sarki suke kwaikwayon sarki da fadawansa da hakimansa, tafiyarsu da maganarsu da yadda suke yanke hukunci, sarkin kuwa yana kallo, yana ganin abin da ba wanda ya isa ya gaya masa da rana tsaka. A ƙauyuka, bayan an gama girbi, samari sukan yi kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, a zamanin Turawa har da Di'o, su yi shari'ar wasa da kowa ya san wadda take nufi. A Damagaram akwai wasan kara, inda matasa suke ƙera bindigogi da kayan aiki da karan dawa, su fito a matsayin manyan gwamnati da sojoji. 'Yan kama kuwa malamai da manyan mawaƙa suke kwaikwaya: ɗan kama zai zauna da rawaninsa, ya ɗauko sautin mai tafsiri tsaf, amma duk bayaninsa a kan tuwo da miya da nama yake ƙarewa, kuma mai hankali ya san da malamin ciki ake.

Ko a zamanin rediyo da talabijin an ga irin wannan. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a watan Nuwamba na 2023, tsohon soja ne, kuma da Hausar bariki ya gina Samanja Mazan Fama a Kaduna, a shekarun da sojoji suke rike da Nijeriya. Barikin da ya sani ya yi wa dariya, kakin da ya taɓa sawa ya ja wa kunne.

Duk waɗannan wasanni suna da ƙa'ida, ko da ba a rubuce take ba. Wanda ake kwaikwaya ya fi mai kwaikwayon ƙarfi, saboda haka dariyar ba ta rage masa abinci, sai dai ta rage masa girman kai. Wasan yana da lokacinsa: tashe daga goma ga watan azumi yake farawa, kalankuwa da kaka ake yin ta, in lokacin ya wuce kowa ya koma matsayinsa. Sannan abin a fili yake ƙarewa, a gaban mutanen da suka san juna. Wasan da ake yi mana yau ya karya ukun nan gaba ɗaya. Wanda ake yi wa ya fi mai yi rauni, ba shi da kaka ba shi da damina, kuma waya ba ta mantuwa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce; to, wadda aka ɗauka a waya gobara ce da ke jiran iska.

Za a ce mana ai a finafinan Kano haka ake yi, akwai mai fitowa a Bagwari, akwai mai fitowa a Inyamuri, ba wanda ya mutu. Gaskiya ne, kuma ko a cikin tashe akwai Macukule da ke tsokanar Gwarawa, don haka ba mu ce gadon namu ba shi da tabo ba. Amma a lura da bambancin wuri. A Kano Bahaushe ne mai gari, harshensa ne na kasuwa da masallaci da fada. A nan Dendanci ne harshen gari, Faransanci ne harshen makaranta da ofis. Wanda yake karya harshe a Malanbil, sau da yawa mu ne. Dattijonmu ne yake tsayawa a gaban ma'aikacin asibiti yana laluben kalmar Faransanci, uwarmu ce take cin gyara in ta yi Dendanci a wajen awo. Badendan da yake karya Hausa ya yi mana alfarmar da ba dole ba ce a kansa: ya bar nasa harshen a garinsa ya yi mana magana da namu. Sakayyar da za mu yi masa ita ce mu mayar da shi abin dariya a bikin 'yarmu? Laifi tudu ne, mun taka namu muna hangen na wani.

Za a kuma ce ai barkwanci ne, wasan taubasai. Mun san wannan wasa, muna kuma alfahari da shi. Kanawa da Zazzagawa suna yi, Gobirawa da Yarabawa suna yi, Fulani da Barebari suna yi, a ƙetaren kogi Gobirawa da Zabarmawa suna yi, har hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin gadon bil'adama a 2014. Sai dai wasan taubasai yana da sharaɗi. Ba da kowa ake yinsa ba, sai wanda tarihi ya ƙulla ku da shi. Ido da ido ake yinsa, ka faɗa masa ya rama, ku rabu kuna dariya, kuma ranar da ya shiga wahala kai ne na farkon zuwa. Wanda ya riƙe lasifika shi kaɗai, yana yi wa mutumin da ba ya wurin, ba taubasantaka yake yi ba. Cin nama yake yi da sunan wasa.

A nan ne muke haɗuwa da malamanmu, a nan kuma muke ɗan rabuwa da wasunsu. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba, kuma malamai irin su Imamu Gazali sun lissafa kwaikwayon tafiyar mutum ko maganarsa don a ƙasƙanta shi cikin nau'o'in giba. Wannan ya rufe ƙofa a kan mai i'ina da gurgu da mai sayar da kifi, ba sauran gardama. Amma masu cewa a hana wasan baki ɗaya, a kori duk mai ban dariya daga biki, sun wuce gona da iri. Wanda ya fito da halin mai tauye mudu, ko ɗan siyasar da ba a ganinsa sai zaɓe ya ƙarato, ba tare da ambaton sunan kowa ba, hali ya tona, ba mutum ya tozarta ba. Garin da ba a iya yi wa mugun hali dariya a cikinsa, mugun halin ne yake yin rawani.

Mu faɗi gaskiyar dalilin da ya sa samarinmu suka juya ƙasa: tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. A watan Nuwamba na 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu hukuncin bulala 20 da tara saboda wani hoton barkwanci da suka yi a TikTok a kan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Ganduje. A nan Benin ma dokar harkokin intanet da ta fara aiki a 2018 ta kai mutane gidan yari saboda abin da suka wallafa. Ba ma tura ɗan kowa ya kira sunan mai iko a waya. Amma mai sayar da kifi ba ta da kotu, ba ta da jandarma, shi ya sa aka zaɓe ta. Jarumtar da ba ta tashi sai a kan marar gata sunanta ragwanta.

Kuma ba a rasa abin kwaikwaya ba. Tun ƙarshen watan Yuli na 2023, da aka datse gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar, wane irin hali ne ba mu gani ba a bakin kogin Kwara? Mai jirgin ruwan da farashinsa ke tashi da ganin fuskar fasinja, dillalin da ke rantsuwa da iyayensa a kan buhun albasar da bai taɓa gani ba, mai kakin da ke karanta takarda a juye yana jiran na goro, alhajin da ya ɓoye shinkafa yana addu'ar kada a buɗe hanya. Waɗannan halaye ne da Bahaushe da Badende da Bafulatani da Bazabarme za su zauna a tabarma ɗaya su yi wa dariya tare, domin tare suka sha wuyarsu. Sai dai wannan yana bukatar ido da kunne da basira. Karya harshen maƙwabci kuwa ko yaron goye ya iya.

Nauyin yana kan masu biki da masu liƙi. Uban amarya da ya gayyaci mai wasa yana da ikon gaya masa tun a zaure cewa ba ƙabila, ba nakasa, ba sunan kowa. Mu da muke zaune muna da iko a aljihunmu: in ya sauko kan maƙwabci a mayar da kuɗin, a sauke wayar, zai gane da kansa. Wanda hoton ya iso wayarsa ya goge, kada ya tura gaba. Samarin da Allah Ya ba wannan baiwa kuma su nemi tsofaffin da suka ga kalankuwa da idonsu, su ji yadda ake taɓa babba har shi ma ya yi dariya.

Gonakin shinkafarmu a jere suke da na Dendawa, rumfunanmu a jingine suke da nasu, a sahu ɗaya muke sallar Juma'a. Zaman nan iyayenmu ne suka gina shi da haƙuri da sanin ya kamata. Kada mu sayar da shi a kan dariyar dare ɗaya. Allah Ya sa mu gane, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.