Wa Ke Biyan Kuɗin Raino a Maraɗi?

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanen Maraɗi, har ba mai tsayawa ya tuhume ta: wai rainon ƙaramin yaro aikin uwarsa ne, babu ruwan gwamnati, jardan, wato makarantar share fage, kuwa ƙawa ce ta 'ya'yan ma'aikata da alhazai. Ana jin ta a majalisar dattawa bayan la'asar, ana jin ta a fadar samari wurin shayi, har a bakin wanda ya yi karatu ya kai jami'a. In zancen kuɗin ƙasa ya taso, kowa da abin da yake so a kashe su a kai: alawus ɗin ɗalibai, ɗaukar matasa aiki, kwalta, siminti. Ɗan shekara uku ba ya cikin lissafin kowa. Ni kuwa na ce wannan ra'ayi kuskure ne mai tsada, domin shi ke zubar da albarkar kuɗin da ake kashewa a makaranta da kuma neman wa mutane aikin yi.

Uwar nan da ake cewa ita ce mai raino, ina take da hantsi? A Jiratawa tana cikin gandun noman rani, wanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980 a kan kimanin hekta 500, tana tsinkar zogale ko ɗibar tumatir, ana biyan ta gwargwadon abin da hannunta ya tara. A Tibiri tana bakin turmi, ko bakin rijiya, ko ta tafi itace. A cikin birni tana gaban kasko tun asuba tana suyar ƙosai, ko tana matsar man ƙuli. Ko wadda ke cikin kulle ba zaune take ba, sana'a take yi a tsakar gida, kuma sana'ar ba ta kai wa mai saye sai da ƙafar wani. To wa ke riƙe da yaron? Ku duba bayan 'yar shekara tara ku gani. An ɗaura mata ƙaninta da zane, ƙafafunsa na dukan cinyoyinta, ta ɗan ranƙwafa gaba don kada nauyin ya rinjaye ta, ga farantin dafaffen ganye a ka. In ta samu ta leƙa lakwal, a makare za ta zo, ta rakuɓe a bakin ƙofa. Da yaron ya tsala kuka malam zai ce ta fita da shi, kuma ba laifin malam ba ne, yana da wasu yara cike da aji. Yau ta zo, gobe ba ta zo ba, kafin shekara ta zagayo sunanta ne kaɗai ya rage a rajista.

Ashe dai ana biyan kuɗin raino a Maraɗi, kuma ana biya da tsada. Abin da ya faru shi ne an ɗauke shi daga baitulmali an aza wa yarinyar da ba ta da ƙungiya, ba ta zanga-zanga, ba ta jefa ƙuri'a. Da karatunta take biya.

Girman abin ya wuce a ce matsalar wasu gidaje ce. Binciken ƙasa kan lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna mace a jihar Maraɗi tana haihuwa fiye da takwas a tsawon rayuwarta, abin da ya zarce matsakaicin ƙasar na 7.6, kuma mata 89 cikin 100 an aurar da su kafin su cika shekara 18. A irin wannan gida kullum akwai na goye, akwai wanda aka yaye, sau da yawa ga ciki. Ɗan yaye shi ne abin tausayi: ya sauka daga baya, bai isa lakwal ba, yana yawo cikin ƙura da ɗan kwanonsa, abin da ya samu shi zai kai baki. Shekara da shekaru binciken abinci mai gina jiki na nuna fiye da rabin ƙananan yaran jihar nan sun tsumbure, a jihar da ake kira rumbun ƙasa. Duk wanda ya ga layin uwaye a cibiyoyin tamowa a 2005 ya san ba rashin hatsi a kasuwa kaɗai ya kawo su ba. Yaro yana bukatar babba da zai zauna ya ba shi kunu cokali-cokali, ya wanke masa hannu, ya gane zazzaɓi tun bai yi nisa ba. Yarinya 'yar aji uku ba za ta iya wannan ba, ita ma rainon take bukata.

Za a ce da ni ai akwai kaka, akwai abokiyar zama, akwai dangi, haka muka taso. Gaskiya ne haka muka taso, a lokacin da gandu ke haɗe da gida guda, tukunya ɗaya, tsofaffi na zaune. Yau gona ta tsattsage da gado, maza sun tafi biɗa Kano da Legas da Agadas da Libiya, kakar da ake dogaro da ita ita ma tana bakin hanya da tiren goro. Wadda mijinta ya kama ɗaki ɗaya na haya a Zariya ko Ali Ɗan Sofo, dangin nata suna ƙauye. Masu wannan hujja suna kare wani gida ne da ya riga ya canza a gaban idonsu.

Yanzu a dubi inda gwamnatoci suka sa ƙarfinsu. A zamanin Mahamadou Issoufou an yi alkawarin ajujuwa 2,500 kowace shekara, kuma a Disamba 2017 aka sa hannu kan dokar kare karatun 'ya mace. Da Mohamed Bazoum ya hau a Afrilu 2021, babban shirinsa shi ne makarantun kwana na 'yan mata a matakin kwaleji, don a raba su da auren wuri. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma yarinyar da ta kai ƙofar kwaleji ta riga ta tsallake siraɗi. Dubbai sun zube tun a aji biyu da aji uku, da goyo a baya, kuma babu ɗakin kwanan da zai dawo da su. Mun saba cewa aure ne ke fitar da yarinya daga makaranta. A gidaje da yawa abin a juye yake: goyo da talla ke fara fitar da ita, sai uba ya ga 'yarsa ta girma tana zaune ba karatu, ya ce to aure ya fi. Wanda ke son ya taɓa auren wuri da gaske, tun tana shekara takwas zai sauke mata ƙaninta.

Shi ma yaron da ya shiga ajin farko bai taɓa riƙe alli ba, bai taɓa zama a yi masa tatsuniya a tambaye shi me ya ji ba, sai kawai a buɗe masa da Faransanci. Awon PASEC na 2014 ya gano cewa a ƙarshen firamare, ƙasa da yaro ɗaya cikin goma a Nijar ke karatu yadda ya kamata. Zuwa 2019 abin ya ɗaga zuwa kimanin uku cikin goma, wato har yanzu mafi yawa suna gama shekara shida ba su iya karanta wasiƙa ba. An ɗora laifin a kan malaman kwantiragi, har aka yi musu jarrabawa a 2017, kimanin ɗaya cikin uku ne ya samu rabin maki. Ba shakka akwai gyara a nan. Sai dai ko gwanin malami ka ba wa yara da suka zo da yunwa, ba su san zaman aji ba, rabin shekararsa a koya musu zama zai ƙare. A duk ƙasar, kusan yaro ɗaya cikin goma ne kawai ke samun shiga makarantar share fage, kuma mun san 'ya'yan su wa ne.

Ba zan iya yin wannan magana ban ambaci ranar 8 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da wuta ta kama ajujuwan zana a makarantar AFN a nan Maraɗi, ƙananan yara aƙalla 25 suka rasu, watanni bakwai bayan irin wannan gobara ta cinye yara 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Gwamnati ta hana sanya yaran share fage a ajin zana, kuma daidai ta yi. Amma hani ba ya gina ɗaki. Inda zana ce kaɗai ake da ita, hanin nan ma'anarsa yaro ya koma gida, wato ya koma bayan yayarsa. Darasin da gobarar ta bari shi ne mafi ƙanƙanta ya kamata a fara ba wa ɗaki mafi aminci, mai ƙofa biyu, da babba a kansa. Abin da ya fi yawa a zukata kuwa shi ne “ai da ma me ya kai ƙaramin yaro makaranta”. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Sai batun aikin yi, wanda kowa ke kuka da shi. Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo tana yaye ɗalibai tun bayan kafa ta a 2010, suna yin hidimar ƙasa su dawo su zauna. Masana'antar fata ta SONITAN, wadda ta rayu da jar akuyar Maraɗi, ta daɗe da zama labari. Rufe iyakar Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da takunkumin 2023, sun nuna mana yadda kasuwar Ɗan Isa da Jibiya ke iya tsayawa cak a dare ɗaya. Maganin da aka saba kawowa shi ne a tara mata a koya musu ɗinki, a raba keke, a ɗauki hoto. Matar ta koma gida da keke da yara uku a gindinta, ɗinkin da za ta gama a wuni ya kai ta mako. An ba ta sana'a, ba a ba ta lokacin yin ta ba. Hutun haihuwa na mako 14 da dokar aiki ta tanada ya tsaya ga mai albashi, mai suyar ƙosai ba ta san da shi ba. Alhali gidan raino shi kansa wurin aiki ne, ga 'yan mata da zawarawa masu takardar BEPC cike da unguwanni, ga makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo da za ta iya horar da su.

Ba mu ne za mu fara ba. Burkina Faso tana da bisongo, inda matan gari da aka horar ke riƙe yara, Senegal ta kafa ɗakunan ƙananan yara a zamanin Abdoulaye Wade, Ghana ta sa shekara biyu na share fage cikin karatun dole. A lardin Gaza na Mozambik an buɗe irin waɗannan wurare a ƙauyuka daga 2008, aka bi sawunsu da awo: yaran sun fi shiga firamare a kan kari, masu riƙonsu sun fi samun fita aiki, yayyensu kuma sun fi zuwa makaranta, duk a kan ƙasa da dalar Amurka uku ga kowane yaro a wata. A nan gida ma akwai jardan na al'umma a wasu ƙauyuka, sai dai an bar su a hannun masu ba da agaji, in aikinsu ya ƙare wurin ya mutu.

Na san amsar da ke jira: babu kuɗi. Ba ƙarya ba ce. A Oktoba 2023 sai da aka zabtare kasafin kuɗin ƙasa da kimanin kashi 40 cikin 100, 'yan bindiga sun addabi yankunan Madarunfa da Gidan Runji, ambaliyar 2024 ta rushe gidaje a Maraɗi har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Amma mu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi jika 42 ne, wato sefa dubu 42. Mata biyu su riƙe yara 40, jika 84 ke nan a wata, abin da ya ɗan haura jika biyu a kan kowane yaro. A ƙara kunu, sabulu da tabarma. Da wannan kuɗi an samar wa mata biyu aiki, an sakar wa uwaye hannu, an mayar da 'yan mata aji, an shirya yara 40 don ajin farko. A nuna mini wani layi a kasafin kuɗi da jika ɗaya ke yin aiki huɗu haka. Lokacin da aljihu ya yi ƙunci ne ma ya fi kamata a tambayi kowace dala me ta haifar. Kuma ƙasar nan ta riga ta amince tun 2006, zamanin Tandja Mamadou, cewa lafiyar yaro ɗan ƙasa da shekara biyar nauyinta ce, ta ce a duba shi kyauta. In mun yarda mu biya maganinsa bayan ya kwanta, me ya hana mu biya wadda za ta hana shi kwanciya?

Masu tsoron lalacewar tarbiyya su ma ina jin su, kuma tsoronsu na da tushe in aka ce za a kwaso wani tsari daga waje a dasa. Ba shi nake nema ba. Ɗaki nake nufi a cikin unguwa, matan da iyaye suka sani suka zaɓa, daga safe zuwa azahar, ana koya wa yaro gaisuwa, addu'ar cin abinci, ƙirga, wasa da tatsuniya cikin harshen da ya sha a nono. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, don haka babu sauran uzuri. Malaman allo da na Islamiyya a zauna da su tun farko. Wace tarbiyya ce ta fi haɗari, wannan ko ta yarinyar da ke yawo tasha-tasha da faranti har bayan magariba?

Tun 2016 doka ta miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar makarantun share fage da firamare, don haka kantomomin Maraɗi, Tibiri da Jiratawa ba sai sun jira Yamai ba kafin su motsa. Jiratawa ce wurin farawa, domin a can aikin mata a waje ɗaya yake, lokacinsa sananne ne, kuma ƙungiyoyin manoma sun saba tara kuɗin ruwa da na lantarkin famfo. A gina ɗaki ɗaya na bulo a gefen gandun, hukuma ta ɗauki albashin masu raino a rubuce cikin kasafinta, manoma su kawo gero da wake na kunu, ƙungiyar iyaye mata ta makaranta ta sa ido. Ranar buɗewa a rubuta sunan yayar kowane yaro da ajin da take, a ƙarshen shekara a ɗauko rajistar makaranta a ƙirga kwana nawa ta zo, a karanta sakamakon a gidan rediyo kowa ya ji.